Kunkurun Auta da Jan Farcen Anti

Akwai wata mata mai shagon kwalliya a ƙasan wani bene, gefen shagon mai gyaran waya. Kowa Anti Kwalliya yake ce mata. Ni dai ba zan rage mata komai ba, hannunta na da kyau. In ta gyara miki farce, sai kin yi ta gudun wanke-wanke don kada ya lalace.

Matsalarta ɗaya ce, ba a gaya mata magana. Kafin ka kai ƙarshen zance ta ce, "Na sani, na sani."

Yayarta tana da yarinya 'yar firamare, ana ce mata Auta. An haifi Auta da matsala a ƙafar hagu, ba ta iya gudu da sauran yara. Wata rana wani abokin babanta mai kiwon kunkuru ya kawo mata jariri guda, ko tafin hannunta bai cika ba. Ta sa masa suna Gaggawa. In an tambaye ta dalili sai ta ce, "Tsokanarsa nake yi. Duk gidan nan ni da shi ne kawai ba ma sauri."

Babanta ya haɗa masa akwatin katako mai faɗi. Aka zuba ƙasa gauraye da ɗan yashi, aka kife rabin tukunyar ƙasa ta zama ɗakinsa, aka ajiye faranti marar zurfi na ruwa. Auta ce ke yin komai da kanta, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Ana nan sai likitoci suka ce za a yi wa ƙafar tiyata a wani babban asibiti mai nisa. Uwa da uba duk za su tafi da ita, kuma za a yi makonni. Auta ba ta tambayi ko za a yi zafi ba. Abin da ta tambaya shi ne, wa zai riƙe Gaggawa?

Aka ce Anti.

Ranar da suka kawo akwatin gidan Anti, yarinyar ta zauna a bakin kujera tana bayani kamar wata babbar mata.

"Anti, da safe ki fitar da shi ya sha rana, amma ki bar masa inuwa a gefe. Ba ta cikin gilashin taga ba, rana ta gaske. Ganye kawai yake ci, ganyen kabewa da latas da ciyawa mai laushi wadda ba a fesa wa magani ba. Ki riƙa barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai kaɗan saboda bayansa ya yi ƙarfi. Kullum ki sa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada ya wuce haɓarsa. Kuma ba ya son sanyi, Anti, ko kaɗan..."

Anti tana latsa waya. "Na sani, na sani. Ke Auta, ni da na yi rainonki, kunkuru ne zai gagare ni?"

Yaya ta ce, "Ki dai saurare ta, abin nan shi ne ranta."

"Haba Yaya! Ku tafi kawai, Allah ya sa a yi a sa'a."

Kwanakin farko ta ɗan kwatanta. Daga baya ƙasar akwatin ta fara zubo mata a tayil, ga makara zuwa shago saboda shan rana. Ta dubi akwatin ta yatsina fuska, ta ce wannan ai ƙauyanci ne, bari ta nuna wa yarinyar nan yadda ake ajiye dabba 'yar gata.

Ta samo kwanon gilashi irin na kifi, ta zuba duwatsu masu kala a ciki, ta saka Gaggawa. Ta kai shi shago ta ɗora a kan teburi kusa da madubi, daidai inda na'urar sanyaya ɗaki ke hurowa. Ba ƙasa, ba wurin ɓuya, ba rana, sai ƙamshin man gashi da warin jan farce daga safe har yamma.

Abinci kuwa, wai ganye abincin wahala ne. Ta koma ba shi kek da biskit jiƙe da madara. Kwastomomi su ma kowa ta zo sai ta ɗauke shi, ta juya shi, ta yi hoto da shi.

Bawan Allah ya yi ta tura kansa jikin gilashin yana neman hanyar fita, ƙafafunsa na zamewa a kan duwatsu. Anti ta ce, "Ku duba, rawa yake yi!" Aka yi ta dariya.

To jama'a, ku ji inda abin ya ɓaci gaba ɗaya.

Wata rana da azahar ba kwastoma. Anti tana zaune tana kallon ƙoƙon bayan kunkurun, ta ga shi gida-gida kamar farata a jere. Hannu ya fara ƙaiƙayi. Ta jawo tiren jan farce, ta shafa wa wannan gida ja, wancan ruwan hoda, na tsakiya ruwan gwal. Ta kawo gam ta manna 'yan duwatsun ƙyalƙyali a gefe-gefe. Wallahi ya yi kyau a ido, wannan ba ƙarya.

Ta ɗauki bidiyo ta sa a shafinta. Kafin ka ce me, bidiyo ya zagaya. Mata suka riƙa zuwa suna cewa a yi musu "kalar kunkuru". Wani ya rubuta a ƙasan bidiyon cewa wannan cutarwa ce, ta goge maganar ta toshe shi. Yayarta kuwa, tun farko Anti ta ɓoye mata bidiyon, kun ga ashe zuciyarta ta san abin da take yi.

Duk lokacin da Auta ta kira daga asibiti, tambayar ɗaya ce. "Anti, ya sha rana? Ya ci ganye?"

"Lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi."

Ana haka Gaggawa ya daina cin abinci. Ya daina tura gilashin ma. Wata safiya ta buɗe shago ta tarar idanunsa sun kumbura sun rufe, kumfa na fitowa ta hancinsa, yana buɗe baki yana jan numfashi da ƙyar. Ta ɗaga shi, ƙafafunsa suka saki.

A daidai lokacin waya ta yi ƙara. Yaya ce, murya cike da murna. An yi aiki lafiya, an kusa sallamarsu. "Kin san da ta farfaɗo me ta fara cewa? Wai a gaya wa Gaggawa ta kusa dawowa."

Anti ta ce, "Alhamdulillahi." Ta zauna a kujerar wanke kai.

Ta naɗe shi a tawul ta nufi asibitin dabbobi. Likitan ya buɗe tawul ɗin, ya duba kunkurun. Ya danna ƙoƙon bayan a hankali, wurin ya ɗan lotsa.

"Baiwar Allah, wa ya yi masa wannan?"

Bakinta ya riga ta. "Yara ne, Likita. Ka san yara da ɓarna."

Sai wata mata da ke zaune da kyanwarta a gefe ta leƙo. "La! Ai wannan kunkurun bidiyon nan ne! Ke ce Anti Kwalliya ko? Wallahi ina bin shafinki, har na ga lokacin da kike manna masa duwatsun."

Kai! Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Anti ta shige. Ta kasa ɗaga ido. Gumi ya wanke hodar fuskarta.

Likitan bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi mata ciwo. Ya ce, "Bayan nan da kike gani jikinsa ne, yana da rai, yana girma, yana jin taɓi. Kin rufe shi da fenti, kin hana shi rana, shi ya sa ya yi laushi. Sanyi ya kama masa ƙirji. Madara da kek kuwa cikinsa bai san su ba. Zan yi masa allura, amma ban yi miki alkawari ba."

"Na goge fentin yanzu? Ina da ruwan gogewa a jaka."

"A'a, kada ki kuskura. Wannan ruwan zai ƙara cutar da shi. A hankali za a bi, da ruwan ɗumi da buroshi mai laushi."

Ya fara lissafa mata yadda ake kula da shi. Rana ta gaske da inuwa a gefe, ƙasa mai ɗan danshi, wurin ɓuya, ganye, garin ɓawon ƙwai, wanka a ruwa mai ɗumi. Ko ɗaya babu sabo a ciki. Duk ta ji su daga bakin yarinya a falonta. A wannan karon ba ta ce ta sani ba.

Ta koma gida ta fito da akwatin katakon daga bayan ƙofa. Ta daina buɗe shago da sassafe. Matar da ba ta yarda ƙura ta taɓa farcenta, ga ta a tsugune a lambun maƙwabta tana roƙon ganyen kabewa. Ta sauke bidiyon. Kullum tana zaune a baranda da ƙaramin buroshi tana bin bayan kunkurun, tana kuka ita kaɗai.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ido ɗaya ya buɗe, sannan ɗayan. Ranar da ya miƙa wuya ya ciji ganye, sai da Anti ta yi ihu har maƙwabciya ta leƙo. Amma ya rame, gefe ɗaya na bayansa ya lotsa, kuma ja ya maƙale a cikin tsagogin ya ƙi fita.

Aka sallamo Auta. Ko gida ba ta yarda an kai ta ba, sai gidan Anti. Ta shigo tana dogara sanduna, babanta na riƙe da ita, ta wuce kowa ta nufi baranda. Ta leƙa akwatin, ta tsaya cak.

"Anti, jini ne?"

Anti ta matso kusa da ita.

"Ba jini ba ne, jan farce ne. Ni na shafa masa."

Yarinyar ta daɗe tana kallon kunkurunta. Ta sa yatsa ta shafa inda ya lotsa. Kowa yana jiran ta fasa kuka, amma sai ta juyo, idonta cike da hawaye, ta ce, "Ki yi haƙuri, Anti. Laifina ne. Na manta ban gaya miki ba a shafa masa komai ba."

Jama'a, wannan maganar ta fi mari. Anti ta durƙusa a gaban 'yar yayarta, a gaban Yaya da mijin Yaya, ta faɗi komai. Kwanon gilashi, sanyi, kek, bidiyo, har ƙaryar da ta yi ta yi mata a waya.

"Kin gaya mini duk abin da ya kamata, 'yata. Ni ce ban saurara ba."

Mijin Yaya ya ɗauki akwatin ya kai mota.

Gaggawa ya rayu, sai dai bayansa a karkace ya ci gaba da girma. Auta ba ta taɓa tayar da maganar ba. Tana gaida Anti, tana dariya da ita kamar da.

Bayan wasu watanni aka ce Auta ta koma asibiti a cire ƙarfen da aka sa mata a ƙafa. Anti ta ji labari, ta share baranda, ta tanadi ganye, ta je gidan Yaya da kanta.

"Auta, kawo shi na riƙe miki. Yanzu na iya, wallahi na iya."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin rigarta.

"Na gode, Anti. Kina da aiki da yawa, kada na wahalar da ke. Na riga na kai shi wajen Kaka."

Darasi: Dabba rai ce, ba kayan ado ba ce, kuma kafin ka ɗauki ɗawainiyarta ka koyi abincinta da irin muhallin da take buƙata. In an ba ka amana, ka saurari mai ita ko da yaro ne, ka daina "na sani". Ana iya yafe maka, amma a daina ba ka ajiya. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu ajiye dabbobi a gida.