Ranar da Raga ta Kama Malam Arzika

Ranar Talata ce, da ƙarfe tara da kwata na safe, Malam Arzika ya zame daga gefen kwalekwale ya nutsa cikin dam ɗin Kwarin Marke. Ku biyo ni a hankali, domin in na gama akwai tambayar da zan bar muku, kuma ba na son wani ya yanke hukunci tun bai ji ƙarshe ba.

Wani ƙaton kututture ne ya toshe shingen ƙarfen da ke gaban ƙofar da ruwa ke bi zuwa gonakin rani. Kwana shida ruwan na fita kamar daga bakin buta, alkama da albasa na ƙauyuka huɗu sun fara yaushi. Zurfin wurin mita goma sha shida ne, ruwan kuma kamar kunun kanwa, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. An rufe ƙofar tun asuba don kada jan ruwa ya manne mai nutso da ƙarfe. Malam Arzika shekarunsa hamsin da tara. Ya koyi nutso da tukunyar iska a tashar jiragen ruwa ta Legas tun yana saurayi, ya dawo gida ya koya wa 'ya'yansa uku, kowa ya kama ɓangaren da ya dace da halinsa. Dukansu suna cikin kwalekwalen a wannan safiya.

Babbarsu Sahura ce. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiranta da suna ba, sai dai ya ce Uwata, ita kuma takan yi amfani da wannan matsayi fiye da yadda ya yi tsammani. Ta karanta aikin injina, kuma ita ce mai kula da kaya. Ita ke ɗura iska, ita ke kai injin ɗurawar nesa da hayaƙin janareto, ita ke shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ta duba ko zai yi kumfa. Ba ta shiga ruwa, amma babu mai shiga sai ta taɓa kowane tiyo da hannunta.

Shekara talatin mahaifinta na nutso da tukunya ɗaya a bayansa. Tiyo biyu ke fita daga cikinta: ɗaya bakinsa a bakin mai nutso, ɗayan na ajiya ne, a cuse cikin aljihun dama. Haka aka koya masa, haka kuma yake so. Sahura ta ce wannan ba ajiya ba ce, tunda duka biyun daga tukunya ɗaya suke sha, in ta ƙare sun ƙare tare. Ta samo wata ƙaramar tukunya mai tsawon damtse, ta ɗaura masa ita a gefen babbar, da nata tiyon daban. Sannan ta yanko siririyar roba daga cikin tsohuwar tayar babur, ta yi zobe da ita, ta rataya bakin tiyon a wuyansa, daidai ƙarƙashin haɓa. Ta gwada tsawon robar har sau huɗu, sai da ya zama in ya sunkuyar da kai leɓensa zai taɓa bakin tiyon ba tare da ya sa hannu ba.

Malam Arzika ya ce an mai da shi ragon layya mai laya a wuya. Ya ce nauyi ne kawai, kuma abin na sosa masa gemu. Mako biyu suna wannan ja-in-ja, kullum bayan la'asar tana sa shi ya tsaya a tsakar gida, hannuwansa a baya, ya riƙa kamo bakin tiyon da leɓe, jikoki na dariya. A safiyar Talatar ma ya cire robar ya ajiye a ƙasan jirgi. Sahura ba ta ɗaga murya ba. Ta murɗa makunnin babbar tukunyar ta rufe, ta zauna a kanta.

"Uwata, mutane na kallo," in ji shi, ƙasa-ƙasa.

"Su kalla, Baba. In hannunka ya maƙale, da me za ka shiga aljihu?"

Ya ce shekara talatin hannunsa bai maƙale ba. Ta ce to ta gode Allah, amma ba za ta tashi ba. Ya ɗauki robar ya mayar wuyansa yana gunaguni, ta buɗe tukunyoyin biyu, ta sa ya shaƙa sau uku daga kowanne tana kallon allurar agogon iska, sannan ta ce ya tafi Allah ya kiyaye.

Da ƙarfe tara da minti talatin da huɗu, yana lalube a gindin kututturen, wata tsohuwar ragar masunta da ruwa ya kawo ta faɗo masa. Irin ta siririn zaren roba ce, wadda ko a ruwa mai haske ba a ganinta. Ya juya don ya kauce, ta naɗe hannunsa na dama. Ya kai na hagu ya warware, shi ma ta kama. Wani zare ya shiga bayan babban tiyon, ya fizge shi daga bakinsa, ya jefa shi bayan wuyansa yana ta zubar da iska. Hannu biyu a ɗaure, baki babu komai, ruwa mita goma sha shida a kansa. Sai ya sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi a tsakar gida, leɓensa ya sami bakin tiyon, ya cije shi, ya fesar da ruwan ciki, ya ja numfashi. Ƙaramar tukunyar tana iya riƙe mutum kamar minti goma sha biyu a wannan zurfi, in bai firgita ba. Wannan shi ne aikin Sahura.

Na biyu Nomau ne, masunci, mai ƙarancin magana. Shi ke riƙe igiyar da aka ɗaura a ƙugun mai nutso, kuma da ita suke magana: ja ɗaya, lafiya, ja uku, a jawo ni. Idonsa ba ya barin inda kumfar numfashi ke fashewa a saman ruwa. Ya ga wurin ya hautsine kamar tukunya ta tafasa, ya gane babban tiyo ya kuɓuce yana zuba. Mutanen da suka cika kan katangar dam ɗin su ma sun gani, suka fara salati. Amma Nomau ya ga abin da ba su gani ba: a gefen wannan tafasa akwai wata 'yar kumfa da ke fitowa, ta tsaya, ta sake fitowa, daidai da numfashin mutum.

Ya ja igiya sau ɗaya. Babu amsa. Ya sake ɗaga ta a hankali da yatsu biyu, ya ji tana miƙewa tana komawa. Itace ba ya haka, nauyin mutum ma ba ya haka. Tun yana ɗan shekara bakwai yake jan raga, hannunsa ya san ta.

Daga kan katanga kowa na cewa a ja. Ma'aikatan dam na cewa a ja, manoma na cewa a ja. A cikin jirgin akwai Baffa Maidamma, ƙanen Malam Arzika, wanda ke tuƙa kwalekwalen. Ya jefar da filafili ya kama igiyar da hannu biyu, hawaye na zuba, yana cewa ɗan'uwansa na mutuwa ana tsaye ana kallon kumfa. Nomau bai taɓa mayar wa baffansa magana ba tunda aka haife shi. Ranar ya ɓamɓare yatsun dattijon ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe igiyar a cinyarsa, ya danne ta da gwiwa.

"Baffa, ka yafe mini. Raga ce. In muka ja, za ta shaƙe shi ta cire abin da ke bakinsa."

Baffa ya kai masa mari a kafaɗa, Nomau bai ko juya ba. Ya dubi ƙanensa Cindo ya gaya masa abu uku: raga ce, Baba na numfashi da ƙaramar tukunya, kuma ya bi igiya kada ya sake ta. Daga nan ya riƙe igiyar a miƙe, ba sako-sako ba, ba kuma da ƙarfi ba, don ta zama hanya. Haka ya zauna minti ashirin, ana zaginsa daga sama, wata mata ma na cewa gado yake jira. Wannan shi ne aikin Nomau.

Na uku shi ne Cindo, autan gidan, magidanci ɗan shekara ashirin da bakwai. Tela ne a kasuwa, nutso kuma aikinsa na biyu. Dokar gidansu ita ce in ɗaya ya shiga, wani na zaune a jirgi da kayansa a jiki. Kowane mai nutso wuƙa yake ɗaurawa a ƙafa. Cindo yana da wuƙar, amma kuma yana rataye da wani tsohon almakashinsa na shago a ƙirji, abin da mahaifinsa ke yi masa ba'a a kai, yana tambayarsa ko kifaye sun kawo ɗinkin sallah. Shi dai ya san wuƙa sai zare ya miƙe take yanka shi, almakashi kuwa ko zare na lilo zai datse shi.

Ya shiga da ƙarfe tara da minti talatin da bakwai. Ya bi igiya har hannunsa ya taɓa ɗamarar mahaifinsa. Bai rungume shi ba, domin da ya yi haka da raga ta kama mutum biyu. Ya tsaya daga baya, ya miƙa hannu ya matsa kafaɗarsa sau biyu don ya san an zo. Sannan ya fara yanka cikin duhu. A wurin akwai zaren raga, akwai igiyar rai, akwai tiyo uku, akwai robar wuya, akwai yatsun tsoho, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya. Sai ya shafa abu tsakanin yatsa da babban yatsa, kamar yadda yake bambanta shadda da leshi, kafin ya sa almakashi. Ya fara da hannun hagu, ya koma dama, ya ƙare da zaren da suka naɗe kan tukunya.

Yana cikin na ƙarshen ya ji mahaifinsa ya damƙe masa wuyan hannu da ƙarfi. Ƙaramar tukunyar ta fara yin tauri, babbar kuwa ta riga ta zube. Cindo ya cire tiyon bakinsa, mai tsawon kamu huɗu, ya lalubo leɓen tsohon ya sa masa, shi kuma ya sunkuya ya kama nasa na ajiya, wanda Sahura ta rataya masa a wuya shi ma. Ya datse zaren da ya rage.

Da Malam Arzika ya ji ya kuɓuta, sai shekara talatin na ilimi suka bar kansa. Ya buga ƙafa zai yi sama da gudu. Wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa ya taso da sauri, iskar na kumbura a ƙirjinsa ta yi masa illar da ruwa bai yi ba. Cindo ya cafke ɗamararsa da hannu ɗaya, ɗayan a igiya. Uban ya ture shi, ya doke shi a ƙirji, har gilashin fuskar Cindo ya goce ruwa ya shiga. Bai saki ba. Ya riƙa hawa da shi kamu-kamu, da suka kai mita biyar ya tsayar da shi minti uku cur, hasken rana na bisa kansu, tsohon na kallon sama kamar mai azumi da tulu. Wannan shi ne aikin Cindo.

Sun fito da ƙarfe goma saura minti uku. A asibiti aka duba shi, ba a sami komai ba sai yankan zare a hannuwa. Ranar Alhamis Cindo ya koma ya ɗaure kututturen aka janye shi, ruwa ya isa gonaki kafin magariba. Baffa Maidamma ya aika wa Nomau da zabi biyu.

Inna Tabawa, matar Malam Arzika, ta ce ya gama nutso, kuma a wannan karon bai yi gardama ba. Masu kula da dam ɗin suka aiko da takarda a rubuta sunan wanda zai gaje shi a shugabancin aikin, wato mai faɗa ta ƙarshe in za a ce a shiga ko kada a shiga. Gurbin suna ɗaya ne. Malam Arzika ya tara 'ya'yan a tsakar gida ya ce zai ba wanda ya fi ceton ransa, su faɗa masa gaskiya.

Cindo ya ce Yaya Sahura ce, domin da ba don robarta ba gawa zai tarar, kuma ai dama tun suna yara ita ke mulkin gidan, takarda ce kawai ba ta da ita. Sahura ta ce ita roba ta yanka a inuwa, ko ƙafarta ba ta jiƙe ba. A ba Nomau, wanda da ya saurari mutum ɗari da ke kan katanga da aikinta ya tashi a banza cikin ja ɗaya. Nomau ya ce shi zama kawai ya yi, kuma kowa ya san ya iya zama.

"A ba Auta," in ji shi. "Shi ya sha duka a ƙarƙashin ruwa."

"Kai ma ka sha naka a sama," in ji Cindo.

Malam Arzika ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi abin da ya lura, a rana ɗaya Uwata ta zauna masa a kan tukunya, Nomau ya ɓamɓare hannun baffansa, Auta ya riƙe shi kamar ɗan akuya, bai san wane irin 'ya'ya ya haifa ba. Inna Tabawa ta ce irin waɗanda suka dawo mata da shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, gurbin sunan babu kowa.

To, ga ta nan a gabanku. Ɗaya ta ba shi numfashin da ya jira da shi, ɗaya ya hana a fizge wannan numfashi, ɗaya ya je ya kwance shi ya hawo da shi a hankali. In ku ne da alƙalamin a hannu, sunan wa za ku rubuta?