Dalilin da Ya Sa Mutanen Japan Ke Zuƙar Taliya da Ƙara

Dalilin da ya sa mutanen Japan ke zuƙar taliya fuuut, har na bakin ƙofa ya ji, ba rashin tarbiyya ba ne. Ku gyara zama ku ji yadda tatsuniya ta kawo shi.

A da can babu masu cin abinci shiru kamarsu. In mutum ya ƙoshi ma ba ya buɗe baki ya yi godiya. Sai ya miƙe, ya rusuna wa mai girki, ya kama hanya. In abinci ya yi daɗi sosai, ya duƙa sosai.

To, a wani ƙauyen masunta akwai wata tsohuwa, Kiyo, mai sayar da taliya da romo a rumfa. Girkinta ba shi da na biyu, kuma ta sani, don kullum tana ganin yadda ake duƙa mata. Sai yanar ido ta rufe mata gani. Ba ta gaya wa kowa ba, ita ba mai son a tausaya mata ba ce, kuma hannunta ya san mazaunin komai. Mutane na ci suna rusunawa har goshi ya kusa taɓa gwiwa, ita kuwa shiru kawai take ji. Ta ce a ranta, girkina ya lalace, kunya ce ta hana su faɗa.

Ran nan, rumfa cike, Kiyo ta ce, "Ku ci da kyau. Daga yau na kife tukunya."

Kafin kowa ya yi magana sai ga Saburo masunci ya fito daga teku jiƙe sharkaf, rabonsa da abinci tun jiya. Ya karɓi kwano, ya kai baki, ya zuƙa, fuuut!

Dagaci Jinbei ya daka masa tsawa. "Kai Saburo! A gaban manya kake ci kamar maraƙi?"

Kiyo ta ajiye ludayi. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Iya, ki yafe ni. Da zafi, na kasa jira ta huce."

"Ka kasa jira?"

"Iya, wa zai iya jiran wannan?"

"Miƙo kwanonka." Ta cika masa taf, har da kifi a kai.

Dagaci ya ce, "Haba Iya! Mu da muke rusuna miki kullum fa?"

"Rusunawa? Tun bara ban ga ko hancinka ba, Jinbei. Duk duƙawar da kake yi, bango kake gaisarwa."

Rumfa ta yi tsit.

"Ga shirun nan naku kuma," in ji ta. "To ku ji. Zan ci gaba da girki, amma wanda ban ji bakinsa ba, babu ƙari."

Dagaci ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ɗan zuƙa, fit.

Kiyo ta ce, "Sauro ne ya wuce?"

Ya runtse ido ya ja da ƙarfi, romo har gemu. Kiyo ta yi dariya, ta ƙara wa wuta itace.

Yaran ƙauyen suka tashi da haka, baƙi suka tafi da shi garuruwansu. Shi ya sa har yau a can, in aka ba mutum taliya da romo, sai ya ja ta da ƙara don mai girki ya ji. Ku kuwa mai yi muku girki tana gani sarai, saboda haka ku rufe baki in kuna tauna.