Ranar da Aka Daka Irin Kamilu

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya zaunar da mu a gaban Shehinmu, masani mai tsantseni da zuhudu, wanda ya ƙoshi da Fiƙihu da Tafsiri har malaman Zurmi da Shinkafi ke ɗauko mas'alolin da suka gagare su su kawo zaurensa a Ƙauran Namoda, amma duk da haka ba a taɓa ganinsa a kan shimfiɗar da ta wuce buzu ba. Allah Ya ƙara masa yarda, Ya tsawaita kwanansa cikin ɗa'a. Abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, a wata bazara da zafi ya sa mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Cikin masu ɗaukar karatu tare da mu akwai Kamilu, manomi mutumin Kurya Madaro, bawan Allah mai kirki, sai dai ba a halicce shi da zama wuri ɗaya ba, ko a gaban littafi ƙafarsa na rawa. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe su, bai fita da komai ba sai matarsa Ummusalma da ƙunshin zangarniyar gero, irin shuka na gonar marigayi mahaifinsa, gero mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Wani dattijo a Badarawa, Baba Abbati, shi ya sauke su a gidansa ya ci da su har hankalinsu ya dawo, sannan suka taho Ƙaura aka ba Kamilu aron gona. Daminar da ta gabata ba ta yi masa kyau ba, rumbu ya ƙare da wuri, ba abin da ya rage a gidan sai irin nan a buhu, rataye a ɗaka, yana jiran ruwan farko.

Ana cikin haka waya ta zo cewa Baba Abbati na tafe da iyalinsa ziyara. Kamilu ya faɗo zaure da hantsi muna tsakiyar karatu, ya durƙusa, ya shiga lissafa abin da babu: babu shinkafa, babu ko zakara, babu kujeru, babu ƙanƙara, ga mutumin da ya rufa musu asiri zai zo ya tarar da tsiya. Shehi, Allah Ya jiƙan mahaifansa, ya bari sai da numfashinsa ya ƙare, sannan ya ce, "Share ƙohwar gida, ka yayyahwa ruwa, ka cika randa. A yi da abin da ag gida."

Kamilu ya ce to, amma irin to ɗin da ba ta wuce leɓe ba. Ya leƙa gida ya jefa wa Ummusalma saƙon daga bakin ƙofa, ya kamo hannuna muka nufi kasuwa. Wallahi ranar na sha rana. Mai ƙanƙara ya ce rabonsu da wuta an jima, mai kujeru ya kwashe su zuwa gidan biki, mahaucin da Kamilu ya sani bai fito ba. Muka zaga ta tasha, muka koma inda muka fito, yana tafe yana magana shi kaɗai ina biye ina sharce gumi, har rana ta take muka dawo hannu Rabbana.

Gidan kuwa ya yi fes. An share, an yayyafa ruwa ƙasa na ƙamshi, ga tabarmi a inuwar darbejiya, ga randa ta yi sanyi, ga wata Adda mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta. Sai ga fura curi-curi a faifai. Kamilu ya dubi furar, ya dubi gindin turmi inda ƙaiƙayi mai gashi ke zube, ya dubi buhun da ke yashe babu komai a ciki.

Ya ce, "Ke, mi kid daka?"

Ummusalma ta ce, "Kai kac ce Malam ya ce a yi da abin da ag gida. To mi ag gidanga in ba shi ba? In bar Baba shi sha ruwa ɗai shi koma?"

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Kamilu a lokacin ba. Gero dai ana samu a kasuwa, amma wannan shi ne abu ɗaya da ya rage masa na mahaifinsa da na garinsu, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma. Ya buɗe baki ke nan sai sallama a ƙofa, baƙi sun iso.

Aka zazzauna, aka dama fura da nono, ludayi ya shiga zagayawa. Bayan azahar Shehi ya shigo da sandarsa, ya gaisa da baƙi, ya zauna a gefen tabarma kamar kowa. Kamilu kuwa ya tashi ya zauna, ya gyara tabarmar da ba ta karkace ba, ya leƙa randa, ya dawo, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Daga baya ya rarrafo kusa da Shehi ya raɗa, ina ji, "Allah gafarta Malam, irin shuka na anka daka."

Shehi ya kurɓi fura, ya yi hamdala, ya ce a hankali, "Wanda anka daka rabon baƙi na. Naka shina bisa hanya. Zamna."

Ni kaina ban gane ba, Allah Ya yafe mini. Abin da na lura da shi kawai, Baba Abbati ma ba a natse yake ba, yana sha yana duban ƙofa, kamar mai magana a baki da kunya ta hana shi faɗa.

Muna idar da la'asar sai ga ƙarar mota a ƙofar gida, sai ga Sagir, direban da ya kawo baƙin, ya shigo da buhu a kafaɗa, rigarsa duk baƙin mai. Ya dire shi ya ce, "Baba, ga kayanku, na wuce da su ban sani ba. Bayan gari, hanyar Gusau, mota tam mace. Duk abin da nis sani na yi, ta ƙiya. Munka tura ta munka juyo da hancinta Ƙaura, tat tashi. Nis sake juyawa Gusau, tas sake macewa. Nan nic ce akwai hakkin wani bisa motag ga."

Baba Abbati ya sauke ajiyar zuciya, ya ce tsarabarsa ce ya manta a mota, kunya ta hana shi faɗa. Ya kwance bakin buhun, sai ga zangarniya dogaye masu gashi. Ya dubi Kamilu ya ce, "Ranar da za ku baro mu, ɗiyata wagga Ummusalma ta ba tsohuwata kaɗan cikin irinku. Mun shuka, ya yi albarka. Nic ce ba ni zuwa ban maido muku naku ba."

Kamilu ya ɗauki zangarniya ɗaya ya shafa gashinta, hawaye na zuba, ya juya wajen Shehi zai yi magana. Shehi ya miƙa masa ludayi ya ce, "Sha hurarka, tun ɗazu baƙinka ke jiran ka zamna da su." Ya karɓa ya zauna, kuma tun da na san Kamilu ranar na fara ganin ƙafarsa ta daina rawa. Ba a rufa mako ba aka yi ruwan shuka.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke sanar da bayinSa salihai abin da Ya so, Ya tsayar da ƙarfe a kan hanya saboda zangarniyar talaka. Ya Allah, Ka ƙara wa Shehinmu daraja da kusanci, Ka amfane mu da albarkarsa, Ka ba mu zuciyar da za ta zauna da baƙo a kan abin da ke gida, Ka mayar da waɗanda aka tasa, su koma gonakin iyayensu lafiya. Amin.