Masu Yi Wa Boka Duna Kirari

A zamanin da, tun ana yaƙi da kibiya da mashi, an yi wani sarki ana ce masa Cindo. Yana da boka mai suna Duna, wanda ya ci masa yaƙi ba a zare takobi ko ɗaya ba. Garin Masunta ne ya ƙi yi wa sarki mubaya'a. Duna ya hau tudu, mutanen birni suna bayansa suna kallo suna yi masa kirari. Ya ɗaga sanda, baƙar iska ta taso ta lulluɓe garin. Da ta yaye, ko kukan zakara ba a ji ba. Aka koma gida da kiɗa. Ba wanda ya leƙa cikin garin.

Tun daga ranar birni ba shi da hira sai ta Duna. Cibiyar hirar kuwa rumfar wanzami Anaruwa ce, inda Waziri Nomau yake zuwa aski. Waziri tsoho ne, ba shi da yawan magana. Yakan sunkuyar da kai ga aska, ya bar kunne a buɗe.

Rannan Anaruwa yana wasa aska ya dubi Dangali maƙeri ya ce, "Kai me ka gani? Kana can bayan jakin wani. Ni ina gaba. Sau ɗaya ya juya sandar nan, haka, sama ta koma kamar gindin tukunya!"

Dangali ya ce, "To bokan Masunta fa? Tsohon nan ya fito ƙofar gari shi kaɗai, ya ce a yi ta tsakaninsu su biyu, a bar talakawa. Ni a wurina shi ne namiji."

Anaruwa ya ce, "Namiji? Yana ina yanzu? Yaƙi ba sallar idi ba ne, mai baƙin hanci. Wanda ya rage a tsaye shi ke da gaskiya. Ko ba haka ba, ranka ya daɗe?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Waziri ya ce, "Ka kula da kunnena."

Ba a daɗe ba sarki ya tara fada, ya ce da zarar wata ya tsaya za a tura Duna garin Masaƙa, domin su ma sun fara ɗaga kai. Duna ya duƙa ya ce, "Zaki, an gama. Sai dai a yi shela kowa ya fito kallo, kamar wancan karon. A sa masu kirari a gaba."

Waziri ya riƙe wannan magana. Ya tuna bai taɓa ganin Duna ya yi aiki ba sai a gaban taro. Ya kuma san garin Masaƙa. Ya taɓa kwana a can yana saurayi, wata tsohuwa ta ba shi kunu da bargo, ba ta ko tambayi sunansa ba.

Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Gawarwakin Masunta suna nan a rana. Ba a ɗora sabon yaƙi a kan gawar da ba a rufe ba. A ba ni mutanen da suka fi kowa son boka, su je su ga aikin gwaninsu da idonsu, mu binne matattu mu dawo."

Sarki ya dube shi ya daɗe. Ya ce, "Na san ka, Waziri. Ba ka tuntuɓe sai da dalili. Na ba ka. Amma in wannan tafiya ta ɓata mini yaƙi, kanka ne fansa."

Waziri ya ce, "Na ji, na yarda."

Aka tashi da fartanya da diga, har da Dangali maƙeri. Anaruwa ne a gaba, yana rera kirarin Duna, sauran suna amsawa. Suna ta musu a hanya, wai tsakanin iskar Duna da tsawa wace ce ta fi sauri. Da suka shiga ƙofar garin, musun ya mutu.

Ba wari, ba ƙuda, ko ungulu ba ta sauka ba. Iskar ta zuƙe numfashin kowa, ta bar shi a bushe a inda ta same shi. Ga mata a kan dutsen niƙa. Ga masunci da taru a cinya yana ɗinki. Ga akuya a tsaye a turke.  Waziri ya nuna musu ƙasa kawai, aka fara haƙa kaburbura.

A wani gida Anaruwa ya tarar da taron suna. Tabarmi a shimfiɗe, goro a faranti. Wanzamin garin yana zaune da aska a hannu, jariri a kan cinyarsa, an aske rabin kan. Anaruwa ya tsaya. Sannan ya durƙusa, ya zare askar daga yatsun mamacin, ya ƙarasa askin a hankali, kamar mai tsoron yaron ya farka. Da hannunsa ya haƙa musu kabari.

Dangali ya zo ya same shi, ya buɗe baki zai yi magana. Anaruwa ya ce, "Don Allah, maƙeri, kada ka ce komai."

Ba su gama ba wata ya tsaya, manzon sarki ya zo ya ce su koma. Kowa ya shiga gidansa da hannu a fashe, ya faɗa wa iyalinsa abin da ya gani.

Ranar yaƙi aka hau tudun da ke fuskantar garin Masaƙa. Jama'a sun fito, domin umarnin sarki ne. Daga nesa ana hango zane a shanye a kan danga. Waziri dai zato kawai yake yi cewa kirari ne abincin iskar Duna, ba shi da tabbas.

Duna ya ɗaga sanda. Iskar ta taso daga ƙasa, baƙa ƙirin, tana juyi a kansa, tana jiran abincinta. Ba wanda ya yi kirari. Duna ya waiwaya.

"Anaruwa! Ina bakinka?"

Anaruwa ya ce, "Na binne shi a garin Masunta, boka."

Duna ya yi tsawa, ya yi zagi, ya koma roƙo. Har ya fara yi wa kansa kirari da muryarsa. Iskar ba ta cin yabon kai. Ta sauko a kansa. Da ta yaye, yana nan a tsaye da sanda a sama, a bushe kamar kara.

Sarki ya ce a kira Hauni, mai sare kai. Waziri ya warware rawaninsa da kansa, ya durƙusa. Ya ce, "Zaki, kaina naka ne. Amma ka yanke mini shari'a ɗaya kafin in tafi. Mutum uku suka ƙona rumbun maraya. Ɗaya ya kawo garwashi, ɗaya ya yi ta fifita, ɗaya ya nuna rumbun ya ce a ƙona. Na farko wutar ta cinye shi. Na biyu ya kwashe toka har hannunsa ya yi jini. Na uku yana zaune a inuwa. Me ya cancanta?"

Sarki ya ce, "Shi ne babban mai laifi."

Ya faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Sai ya gane da shi ake. Hauni yana tsaye da takobi yana jira. Sarki ya dubi gawar Duna, ya dubi hannun Anaruwa, ya dubi tsohon da ke durƙushe a gabansa.

Ya ce, "Mayar da rawaninka, Waziri. Nawa suka rage ba a rufe ba?"

"Unguwar yamma duka, ranka ya daɗe."

Sarki ya sauka daga doki, ya tuɓe alkyabba. Ya aika wa Masaƙa da alkawarin zaman lafiya, ya hana tsafi a yaƙi har abada. Sannan ya karɓi fartanya daga hannun Dangali, ya kama hanyar garin Masunta a ƙasa. Wani maroƙi ya ɗaga murya zai yi masa kirari. Anaruwa ya toshe masa baki.

Iyakar abin da na ji ke nan.