Addu'ar da Ba-Komai Ya Kasa Cewa Amin

Akwai wani mutum a hukumar birni, shi ne shugaban sashen da ke sa ido kan ruwan dattin masana'antu. Aikinsa ya tabbata kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi cikin magudana. Wadda ta ƙi, a garƙame mata ƙofa.

Ma'aikatansa suna kiransa Ba-komai. Ka makara, ya ce ba komai. Ka fasa kwalbar gwaji, ya ce ba komai. Direban ofis ya taɓa rantsuwa cewa ko motar hukuma ya sayar, abin da zai ji ke nan. Bai taɓa karɓar cin hanci ba, ko maƙiyinsa ya shaide shi a kan wannan. Rauninsa guda ɗaya ne: ba ya iya kallon idon mutum ya ce masa a'a.

Wata Litinin da safe, matar da ke kula da ɗakin gwaji ta shigo ofishinsa ta ajiye takarda a kan tebur. Ta zagaye wasu lambobi da jan biro.

"Ranka ya daɗe, ka duba wannan da idonka. Sau biyu na maimaita gwajin don kada in ɗauki alhakin kowa. Dafin da ke cikin ruwan nan ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba."

Ya duba sunan masana'antar. Wata 'yar masana'anta ce da ake wanke ƙarfe da asid, a shafa masa ƙyalli, a yi kan famfo da hannun ƙofa. Mai ita kuwa aminin mahaifinsa ne. Lokacin da mahaifin ya rasu, wannan mutumin ne ya ɗauke shi ya riƙe a gidansa, ya sa shi makaranta, ya tsaya masa har ya yi aure. Baffa yake ce masa.

Doka a fili take: a rufe wurin sai an gyara. Ya sa hannu a takardar rufewa, ya saka ta a jaka, ya ce shi da kansa zai kai.

Baffa ya tarbe shi hannu biyu, ya ja shi bayan ginin ya nuna masa injin tace ruwa a tsaye shiru.

"Ɗana, ka gani da idonka, injin ne ya mutu. Kayan gyaran suna hanya. Magidanta arba'in ne ke ci a wurin nan. In ka rufe, ina za su sa kansu? Wata uku kawai nake roƙo."

Takardar tana cikin jakar da ke hammatarsa. Ya kalli furfurar Baffa, ya ji nauyinsa, ya bar takardar a ciki.

"Ba komai, Baffa. Allah ya sa a gyara da wuri."

Wata uku ya zama shida. Shida ya zama shekara. Yau kaya sun maƙale a hanya, gobe mai gyaran ba shi da lafiya. Kowane wata, matar ɗakin gwaji takan kawo sabon sakamako. Rannan ta ce masa, "Ni dai zan ci gaba da zanawa da jan biro, kai kuma ka ci gaba da cusawa a durowa. Mu ga wanda zai riga ƙarewa, biro ko durowa."

Ya yi 'yar dariya. Ita ba ta yi ba.

A can ƙasa, inda magudanar ke zubewa cikin wani ɗan rafi, akwai lambuna. Da wannan ruwan masu lambun ke ban ruwa, cikinsa suke wuni ba takalmi.

Wata rana wani tsoho mai lambu ya zo hukumar riƙe da gorar roba cike da ruwa mai ɗorawa-ɗorawa. Daga ofis huɗu aka kore shi. Ba-komai ne kawai ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi.

Tsohon ya ɗage wandonsa. Ƙafafun sun tsattsage, ga gyambo nan da can da ya ƙi warkewa.

"Yallaɓai, shekara talatin ina cikin ruwan nan, bai taɓa cizona ba sai bana. Kwaɗi ma sun gudu. Matata ta ce tunda kwaɗi suka fi ni hankali, in zo in tambayi masu ilimi."

Ba-komai ya san ruwan da zarar ya ga launinsa. Ya san daga wane bututu ya fito. Magana ɗaya ce ta dace a wurin: Baba, ka fita daga ruwan nan yau, kuma kada a ƙara cin abin da ya fito daga lambun. Amma in ya faɗa, za a tambaye shi dalili, kuma dalilin yana cikin durowarsa.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Muna kan aikin."

Tsohon ya tafi yana sa albarka. Bayan sati biyu ya dawo da buhu cike da latas da kabeji, ya ce tukuici ne ga wanda ya ɗauke shi mutum. Ba-komai ya karɓa ya yi godiya. A hanyar gida ya tsaya wurin wata bola, ya waiga hagu da dama, ya jefa buhun.

Sau biyar tsohon yana kawowa. Sau biyar yana tsayawa a wannan bolar.

Sai tsohon ya daina zuwa.

Wata rana da hantsi aka ce wata dattijuwa tana sallama. Matar mai lambun ce. Ta ce mijinta yana asibiti, ƙodarsa ta daina aiki, jikinsa duk ya kumbura, kuma ba shi da magana sai ta yallaɓai na hukuma.

Ya bi ta. Ɗakin majinyatan gado takwas ne, kowane da 'yan uwa zagaye. Da ƙyar ya gane tsohon. Fuskar ta cika tim, idanun sun zama 'yan tsaga. Amma da ya ji muryarsa sai ya laluba ya kamo hannunsa, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Jama'a, ku ga mutumin kirki. Kowa ya kore ni, shi ya ba ni kujera. Shi yake tsaya mana a can sama. Ɗana, ba ni da abin ba ka. Allah ya yi maka kamar yadda ka yi mana. Allah ya yi wa 'ya'yanka kamar yadda ka yi mana."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin, har da ma'aikaciyar jinyar da ke gyara ƙarin ruwa.

Ba-komai ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Hannun tsohon yana da ɗumi, nasa kuwa ya yi sanyi ƙalau.

A waje ya tsayar da likita ya tambaye shi ko ruwan ne. Likitan ya ce ba zai iya rantsuwa ba, ga tsufa ga hawan jini, amma abin da suka gani a jininsa ba ya zuwa jikin mutum haka kawai.

Kwana tara bayan nan tsohon ya rasu.

Daga ranar Ba-komai bai ƙara samun sukuni ba. Yana zaune a taro ana bayani, sai ya ji muryar a kunnensa, a hankali, cike da ƙauna: kamar yadda ka yi mana. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi. In mai gadi ya ce masa Allah ya saka, sai ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. In ana addu'a kowa na cewa amin, shi sai ya sunkuyar da kai.

A gida ya fara duba ƙafafun 'ya'yansa kafin su tafi makaranta, yana danna yatsa ya ga ko wurin zai lotsa. Rannan ƙaramar 'yarsa ta ce bayanta yana ciwo. Ya sure ta sai asibiti, ko takalmi bai tsaya sa mata ba. Aka ce faɗuwa ta yi wurin wasa.

Washegari da rana matarsa ta ajiye abinci da yankakken latas a gefe. Ya ture farantin har ya kusa kifewa.

"A ina kika sayi wannan?"

"A kasuwa mana, inda na saba. Baban yara, wai me ke damunka? Ka rame, ba ka ci, ba ka magana. In wani abu ka yi, ka faɗa min."

Ya faɗa mata duka. Takardar da ke jaka, durowa, buhunan da ya zubar.

Ta kalli farantin ta ce, "Buhu biyar ka zubar. Sauran da ya kai kasuwa fa, wa ya zubar da su? Ni ma ban san daga wane lambu nake saye ba shekara guda ke nan."

Bai taɓa tunanin wannan ba. Ko kuma ya yi, ya kawar da kai.

Da safe ya ɗauki ma'aikata biyu da kwaɗon rufe ƙofa, ya nufi masana'antar ba tare da ya sanar ba. Ya tarar an gina sabon ɓangare, an kafa sababbin kwamin wanke ƙarfe guda uku, aiki ya ninka. Injin tace ruwan kuwa yana nan inda ya bar shi, gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa, an jingina tsintsiya da tsofaffin bokitai.

Baffa ya fito yana murmushi. "Ɗana, ba ka ce kana tafe ba."

"Baffa, kayan gyaran sun iso?"

"Kai ma ka san yadda sana'a take. Gyaran nan ba ya kawo ciniki. Na ce bari mu ɗan miƙe tukuna."

"Mutum ya mutu, Baffa."

"Allah ya jiƙansa. Kwanansa ne ya ƙare."

Ba-komai ya zaro takardar. Ta yi laushi, gefenta ya naɗe don daɗewa a jaka. Ya ce a kashe injina.

Murmushin Baffa ya ɗauke. "Ni za ka rufe wa ƙofa? Ni da na ciyar da kai da hannuna? Da ubanka yana raye..."

"Da yana raye, da tun bara ya mare ni."

Da hannunsa ya datse kwaɗon.

Da ya koma ofis ya kwashe duk takardun jan biron daga durowa, ya rubuta rahoto a kan kansa, ya miƙa wa na sama da shi. Aka sauke shi daga shugabanci, aka mai da shi cikin masu ɗebo ruwan gwaji a bakin magudanu. Baffa kuwa ya aiko cewa ko gawarsa kada ya zo.

Saura wuri ɗaya da yake tsoron zuwa.

Ya sami matar marigayin a tsakar gida tana tsince irin shuka a faranti. Ta yi murna, ta shimfiɗa masa tabarma. Ya ƙi zama a kai, ya durƙusa a ƙasa ya faɗa mata komai, bai rage ko ɗaya ba.

Hannunta ya tsaya cak a cikin farantin.

"Har latas ɗin?"

"Har shi, Inna."

"Da kansa yake zaɓo maka manya." Ta share ido da gefen mayafi. "Ya tafi yana yabonka. Da ka bar ni da wannan, da na fi samun barci."

"Ki yafe min."

"Mai yafewar yana ƙasa. Nawa hakkin kuma ban shirya ba, kada in yi maka ƙarya. Amma tashi. Mutum goma sha ɗaya suna can rafi yanzu haka. An rufe wurin, ruwa ya washe, sun ɗauka an gama. Ka ce dafin ya zauna a laka, ko?"

"Ya zauna, Inna. Zai yi shekaru."

"To je ka faɗa musu da bakinka."

Ya tafi. Ya tsaya a bakin rafin, ya ga mutanen cikin ruwa har gwiwa, suna ɗiba suna watsa wa kayan lambu kore shar. Ya ɗaga murya ya ce su fito. Ya ce kada a ƙara kai ganye ko ɗaya kasuwa, kuma kowa ya je a gwada jininsa.

Wani magidanci ya miƙe da bokiti a hannu ya tambaye shi, "Malam, tun yaushe ka sani?"

"Shekara ɗaya da wata huɗu."

Babu wanda ya zage shi. Ɗaya bayan ɗaya suka hauro gaɓa, suka zazzauna a ƙasa, kowa ya ɗaga ƙafarsa yana dubawa.

Darasi: Tausayin da za ka yi wa mutum ɗaya da ke gabanka, ya zama cuta ga mutum ɗari da ba ka gani, ba tausayi ba ne, tsoro ne. In an ba ka amanar lafiyar jama'a, faɗi a'a tun ranar farko ko da ga wanda ya raine ka ne, domin shiru ma yana kisa. Ku tura wa duk wanda kuka san akwai takardar da ya ɓoye a durowa don jin nauyin wani.