Tumakin Tabawa da Raɓar Damina

Dalilin da ya sa kuke jin tumaki na ta kuka da safiyar damina, amma ba mai kwance su sai hantsi ya ɗaga, ku matso ku ji, yara.

A da can, tumaki kan riga kaji fita. Gari na wayewa ake kora su fadama, su ci ciyawa jiƙe da raɓa. Kowace damina kuwa sai zawo ya kama su, haɓarsu ta kumbura, 'yan raguna su yi ta mutuwa. Mutane suka ɗauka haka damina ta gada.

To, akwai wata tsohuwa, Tabawa, wadda ba ta da komai sai 'yan tumakinta. Wata shekara, ruwa na sauka, ciwon gwiwa ya kwantar da ita. Ba ta iya miƙewa sai rana ta gasa mata ƙafa. Tumakin na kuka a turke, ita tana share hawaye a ɗaki.

Maƙwabcinta Barmo ya leƙo ta saman danga ya ce, "Iya, yunwa za ta kashe dabbobin nan. Kawo in haɗa da nawa."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, amma ba sa bin kowa sai ni."

Sai hantsi take dogara sanda ta kai su tudun bayan gida, don fadama ta yi mata nisa.

Damina ta yi tsaka, garken Barmo ya lalace. Da ya yanka wani rago da ya kasa tashi, ya tarar da cikinsa cike da tsutsotsi sirara kamar zare. Na Tabawa kuwa sai sheƙi suke, suna tsalle.

Ya zo ya durƙusa ya ce, "Iya, wane magani kike ba su?"

Ta yi dariya ta shafa gwiwarta. "Ga maganin nan. Naka na cin ciyawa da raɓa, nawa sai ta bushe. Ina jin tsutsar nan raɓa take bi ta hau ganye, rana ta mayar da ita ƙasa."

Barmo ya gwada, sauran tumakinsa suka tsira. Gari duka ya bi sahu. Gwiwar Tabawa ta warke, amma ta ci gaba da barcinta na safe, ba wanda ya ƙara ce mata komai.

Shi ya sa har yau, idan tunkiya ta dame ku da kuka da sassafe, ba mantawa aka yi da ita ba. Raɓa ake jira ta bushe.