Ƙasar da Dakta Habibullah ya ɗiba ranar Lahadi

Akwai wani malamin jami'a a Rijiyar Lemo, cikin Fagge, mai suna Dakta Habibullah Wali. Zuwa damunar bara, ya cika shekara goma sha tara yana binciken ƙasar noma: wacce ta gaji, wacce ta sha guba, wacce za ta iya riƙe shuka.

Ya rubuta maƙala hamsin da huɗu. Amma su masu bincike ba yawan rubutu kaɗai suke dubawa ba. Suna duba sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a cikin nasu. Akwai shafin intanet da ke ƙirga wannan ambato, kuma Dakta yakan buɗe shi kowace safiya kafin ya kurɓi shayi.

"Raudha, dubu ɗaya da ɗari tara da shida," ya ce da matarsa wata safiya. "Wani a Indonesiya ya ambace ni."

"Allah ya saka masa da alheri," in ji Hajiya Raudha. "Ka gaya masa tumatirin da ka shuka a bayan gida ya sake mutuwa. Ko zai ambaci wannan ma."

Karo na shida ke nan da tumatirin ke mutuwa.

Kusan rabin wannan ambato daga maƙala guda ya fito. Shekara takwas da suka wuce, ya ɗebi ƙasa a wurare arba'in tsakanin Fagge da Sabon Gari don ya auna. Ba ya son masu lambu suna tsaye a kansa suna ba shi labari. Yakan ce su labari suke da shi, shi kuwa na'ura gare shi. Don haka ya samo dabara: Sabon Gari sai ranar Lahadi da safe yake shiga, lokacin da jama'a ke coci, tituna fayau, ba mai tambayarsa me yake haƙa.

Wurare talatin da tara sun ba shi abin da ya zata: yashi, ruwan kwata, da dattin tsofaffin batura. Wuri ɗaya ne ya bambanta. Wani ɗan lambu ne a bayan wani shago da ke rufe, an kewaye shi da gajeren langa-langa. Ya tsallaka, ya haƙa ramuka biyar, ya fita.

Ƙasar ja ce, mai laushi, mai ƙarfi, ba guba ko kaɗan. Babu irinta a duk Kano.

Dakta ya rubuta cewa ragowar wata tsohuwar ƙasa ce da wani kogi ya bari tun kafin a kafa birni, ta tsira a ƙarƙashin Sabon Gari. Ya raɗa mata suna ƙasar Wali. Masana daga Holan har Barazil suka ɗauka, suka yi ta ambato.

To a bara, takardunsa na neman zama farfesa suna gaban kwamiti, wannan maƙala ce a sama. Sai kuma ga saƙo: masana uku daga Holan za su zo nan da mako biyu, suna son ganin ƙasar Wali da idonsu.

Baƙi ba za su tsallaka langa-langa ba. Dole a nemi mai wurin.

Ranar Talata ya sa babbar riga, ya nufi Sabon Gari. A karon farko ya tarar da shagon a buɗe. Ashe rumbun doya ne. Mai shi wata mata ce da ta haura sittin, Madam Agnes, haifaffiyar unguwar, Hausa a bakinta kamar ta 'yan cikin gari.

Ya miƙa mata katinsa. "Ni ne Dakta Habibullah Wali. Wataƙila kin ji sunana."

"Ban ji ba, Alhaji. Doya guda nawa za a ba ka?"

Ya yi gyaran murya, ya bayyana mata cewa ƙasar da ke bayan shagonta ta shahara a duniya, kuma shi ne ya gano ta shekara takwas da suka wuce.

Madam Agnes ta ajiye doyar da ke hannunta. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai ne mai ramuka?"

"Samfuri na ɗauka, Madam."

"Ramuka biyar. Na dawo daga coci na tarar an ɗebe min ƙasa a tsakiyar ugu, ganyen miyar da na shuka. Alhaji, a garin nan in aka ɗebi ƙasar wurin mutum a ɓoye, me ake yi da ita?"

Dakta ya sani. Kowa ya sani. Asiri ake yi da ita.

"Maƙwabcina Celestine na zarga, mai sayar da taya. Wata uku ba ma gaisawa. Fasto ya zo ya yi addu'a a kan kowane rami. Na yi azumin kwana bakwai. Ashe dakta ne."

"Ki yi haƙuri. Amma ki fahimci muhimmancin abin. Wannan ƙasa wani tsohon kogi ne ya..."

Ƙahon mota ya katse shi. Wata babbar mota ce ta tsaya a ƙofar rumbun, cike da doya. 'Yan dako suka fara saukewa. Duk doyar da aka jefa, sai jar ƙasa ta zube daga jikinta.

Madam Agnes ta ɗauki tsintsiya, ta share ƙasar, ta cika bokiti, ta ce ya biyo ta. Ta juye bokitin a cikin lambun.

"Ga tsohon koginka," ta ce. "Daga Binuwai yake zuwa, duk Talata."

Dakta ya tsaya yana kallon bokitin.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Shekara ashirin da biyu tana tara ƙasar da ke zubowa daga doya. Kafin ta fara, ta shimfiɗa fasassun bulo da tsofaffin buhuna a ƙasa don kada ruwan kwata ya taso. Tana haɗawa da tokar murhu da kashin kaji, ta bar shi ya huce wata guda kafin ta shuka. Da ruwan rijiya take ban ruwa, ba na lambatu ba.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wa zan faɗa wa? Ramin?"

Ya koma gida bai san ta wace hanya ya bi ba. Da la'asar Hajiya Raudha ta same shi zaune a tsakar gida, waya a kife a gefensa, abin da ba ta taɓa gani ba. Ya kwashe labari ya gaya mata.

Ta yi ƙoƙari ta riƙe dariya. Ta kasa.

"Wato mutum ɗari tara a duniya suna rubutu a kan sharar doya."

"Raudha, farfesancina ne ke cikin haɗari."

"Na sani, Dakta."

Ya ce a hankali, "Akwai hanya. Zan iya kai baƙin ranar Lahadi da safe. Ba mota, ba Madam. Su ga ƙasa, su ɗau hoto, su tafi."

Hajiya Raudha ta daina dariya.

"Za ka sake tsallaka langa-langa ke nan. Da furfurarka, da Turawa uku a bayanka. Matar ta dawo ta tarar da ramuka ashirin, ta koma azumi, ta koma gaba da mai taya." Ta ɗauki kofinsa. "Wancan karon kuskure ka yi, don ba ka sani ba. Wannan karon ka sani."

Kwana uku yana juya maganar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna ya rubuta wasiƙa biyu. Ɗaya zuwa ga mujallar da ta buga maƙalar, yana neman a janye ta. Ɗaya zuwa ga kwamiti, yana bayyana dalili. Sannan ya shiga shafin ƙirga ya cire maƙalar da hannunsa. Dubu ɗaya da ɗari tara da shida ta koma dubu ɗaya da uku. Ya daɗe yana kallon lambar.

Baƙi suka iso. Ranar Talata ya kai su, daidai lokacin sauke doya. A gabansu ya ce ya yi kuskure, ya nuna Madam Agnes, ya ce ga mai ƙasar, su tambaye ta.

Da ma yana shirin yi mata tafinta. Sai ta buɗe baki da Turanci, ta yi awa ɗaya da rabi tana bayani. Turawan suka tsuguna a cikin ugu suna rubutu. Babbar cikinsu ta tambayi nawa ne toka, nawa ne kashin kaji. Madam Agnes ta ce, "Sai dai ki taɓa da hannu ki ji." Baturiyar ta taɓa. Dakta na gefe riƙe da bokiti.

Kafin su tafi, Madam Agnes ta ce saura abu ɗaya. Ta kai shi shagon taya.

"Celestine, ga mayenmu."

Celestine ya share hannu da tsumma, ya dubi babbar rigar, ya ce, "Oga, ai da ka yi sallama da shebur ɗina zan ara maka."

Kwamiti ya ɗage maganar farfesancin zuwa wata shekara, tare da 'yar takardar yabo a kan gaskiyarsa. Takardar ba ta ƙara masa komai a ofis ba. Abokan aiki kuwa suka riƙa gaishe shi da "Dakta, ya doya?" har ya saba yana amsawa "Da godiya."

Ya koma rumbun sau goma sha biyu, kullum ranar Talata, kullum da sallama. Suka fitar da sabuwar maƙala a kan yadda ake gina ƙasar lambu a tsakiyar birni, sunan Agnes a gaba, nasa a baya. Zuwa yanzu mutum huɗu ne suka ambace ta. Amma matan Kwaciri da na Rijiyar Lemo sun fara zuwa rumbun da buhunansu, kuma in ka tambayi ɗaya daga cikinsu wa ya koya mata shimfiɗa bulo, za ta ce haka Mama Agnes ta ce. Wannan ba shafin da ke ƙirga shi.

Shi ma Dakta ta ba shi buhu biyu na ƙasar. Ta ce ya bar shi ya huce wata guda, kada ya yi gaggawa irin ta masu digiri.

Wata safiya bayan haka, Hajiya Raudha ta kawo shayi ba ta same shi a falo ba. Wayarsa na kan kujera. Ta leƙa bayan gida ta gan shi tsugune a gaban tumatirinsa.

"Dakta, yau nawa?"

Bai ɗago ba.

"Goma sha ɗaya," ya ce. "Biyu sun fara ja."

Darasi: Duk zurfin karatunka, kafin ka yi rubutu a kan wurin mutane, yi sallama ka tambayi mai wurin, domin sau da yawa amsar da kake nema tana bakinsa. In kuma ka gano ka yi kuskure, ka gyara da kanka, ko da sunanka zai ragu a idon masu ƙirga. Ku tura wannan ga duk wani mai ilimi da kuka san bai cika tambaya ba.